Ɗan Fari a Layin Likita

Ran kasuwar Fakku, tun kafin Malam Namadi ya sauko daga kan kekensa mutane suke fara nishi. Wanda ɗazu yake cinikin akuya da ƙarfinsa sai ka ga ya dafe kwankwaso, tsohuwar da ta gama zazzaga wa jikanta masifa ta koma tari kamar za ta shiɗe. Ba wai ƙarya suke yi ba, ciwon yana nan. Gishiri kawai suke ƙara masa, don sun san yadda Malam yake aikinsa.

Shi Malam Namadi mutumin Tambuwal ne, En'e, wato hukumar gargajiya, ta ajiye shi a Kebbe malamin asibiti, ba da jimawa ba bayan samun mulkin kai. Likita na gaske yana can Sakkwato, mutanen ƙauye labarinsa kawai suke ji, saboda haka Namadi shi ne Likita ko ya so ko ya ƙi. Ya yi ta gyara musu har ya gaji ya bari. Sau ɗaya a mako yake ɗaure akwatin magani a bayan keke ya taho Fakku, kuma dole ya juya kafin rana ta faɗi, don a Kebbe ma ya baro wasu a kwance. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma shi an ce ya ɗauka. Da ya ga ba zai iya ganin kowa ba sai ya fito da dabara: kafin ya buɗe akwati yakan bi layi daga farko har ƙarshe yana tambayar kowa abin da ke damunsa, ya tsamo waɗanda suka fi jin jiki ya kai su gaba. Dabara ce mai kyau ga masu baki. Abin da ke ba ni haushi da ita, ba a yi ta don irin su Kulu ba.

Kulu daga wata ƙaramar tunga ta fito, can bayan Fakku. A bayanta tana goye da Almu, ɗanta na fari, ɗan shekara uku. Tun shekaranjiya jikinsa ya ɗauki zafi, yana amai, in haske ya taɓa idonsa ya tsala ihu. Yau da asuba kuma ya daina kukan, ya koma wani ɗan nishi siriri, wannan ne ya fi tayar mata da hankali.

A gidan su Kulu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba, in an ce yaron nan ya yi kyau sai ta kau da kai kamar da wata ake. Tun da aka yaye shi ɗakin kakarsa Inna Atu yake kwana, uwar mijin Kulu, wadda take kiransa maigidanta tana tsokanarsa da cewa bai kawo cefane ba. In ciwo ya kama shi Atu ce mai goyo, ita ce mai baki, kuma bakin Atu ko dagaci yana shakkarsa. Sai dai Atu ta tafi Sanyinna gaisuwar rasuwar ƙanwarta, mijin Kulu, Ɗan'iya, yana Kurmi cin rani. Kulu ta duba gabas ta duba yamma ba kowa, ta ɗaure yaron a baya ta lulluɓe shi da mayafi ta kamo hanya.

A bakin kasuwa ta ci karo da matan tungarsu da ƙwaryar nono a ka. Ɗaya ta riƙe baki.

"Kulu! Yau ke ad da goyon mijin Inna? Lalle an samu mulkin kai!"

Suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi 'yar dariyar da ya kamata ta yi, ta wuce da sauri.

Da Malam Namadi ya fara bin layi tana wajen tsakiya. Ta ji yadda na gabanta suke faɗin nasu. Wani ya rantse tun damina bai runtsa ba. Wata ta ce hanjinta ya ƙulle, jiya har an fara yi mata kalmar shahada, ga ta kuwa da guntun rake a hannu. Kulu ta shirya maganarta a zuci, ta sake shiryawa. Za ta ce zafin ya yi yawa, za ta ce wuyansa ba ya son a taɓa. Sai ga farar rigar Malam a gabanta, ga matan tungarsu sun ajiye ƙwarya a gindin tsamiya kusa da layin suna kallo.

"Baiwar Allah, mi yas same ki?"

"Ba ni ba ta, Malam. Yaron ga na."

"Ɗanki na?"

Ta sunkuyar da kai. "Na Inna na."

"Mi ka damunai?"

"Ɗan zazzaɓi na." Sai abin da aka koya mata tun tana yarinya ya fito da kansa. "Da sauƙi."

Namadi ɗan ƙasar nan ne, ba baƙo ba. A ranar da yake da sarari, jin "na Inna na" kaɗai ya isa ya gane ko wace ce a gabansa, ya ɗaga mayafin nan ya duba da idonsa. Amma wani yana jan hannun rigarsa ta baya, wani yana nuna masa ƙafa, layin kuma bai ga ƙarshensa ba. Ya ce, "To, ki koma inuwa ki jira, in na gama da masu tsanani sai in diba shi." Ya wuce. Kulu ta koma gindin tsamiya inda ake tara masu sauƙi, ta zauna can gefe.

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli malamin asibiti yana aiki ba zai zaci yinin nasa a ba da magani yake ƙarewa. Ina! Da farko risho ya ƙi kamawa, sai da ya durƙusa ya tsokane bakinsa ya yi ta buga masa iska. Sirinji ɗaya gare shi na gilashi, allurai 'yan kaɗan, kowace sai an tafasa ta kafin ta shiga jikin wani, ruwa kuwa ba ya tafasa don ana sauri. Na farko da ya zauna a kan benci gyambo ne a ƙwauri, an cusa masa ganye da toka an ɗaure da tsumma tun kaka. Kafin a jiƙa a ɓamɓare a wanke a ga inda naman kirki ya fara, inuwar rumfar ta matsa. Na biyu kurkunu ne ya fito masa a idon sawu. Shi kurkunu ba a yi masa gaggawa, a hankali ake naɗe shi a jikin ɗan tsinke, in ya tsinke ƙafar ta kumbura mutum ya rasa noman bana.

Ga kuma gaisuwa. Ba mai zama ya faɗi ciwonsa kai tsaye kamar marar tarbiyya. Sai an tambayi gajiya, an tambayi mutanen Kebbe, an tambayi iyali na Tambuwal, an yi jajen zafin bazara. In Namadi ya katse mutum, gobe gari ya ɗauka boko ya ɓata shi. Bayan gaisuwa sai gardama. Ya ba wani ƙwaya, mutumin ya juya ta a tafin hannu kamar an ba shi tsakuwa.

"Likita, ni allura nika so."

"Ciwonka ba na allura ba na, Baba."

"To wancan mi yaf fi ni da anka yi mai?"

Duk wannan Kulu tana kallo daga gindin tsamiya. Da hantsi Almu ya motsa ya ce ruwa. Ta juya wa mutane baya, ta sauko da shi, ta ba shi daga ɗan goranta, ya haɗiya kurɓi biyu ya rufe ido. Ta ji daɗi ƙwarai, ta ce a ranta wanda ke shan ruwa ai da sauransa. Ta mayar da shi baya ta ƙirga na gabanta da ido. Layin masu tsanani yana raguwa.

Ya kusa ƙarewa ke nan sai ga baran Alhaji Na'iya ya kutso cikin rumfa. Alhaji Na'iya shi ke sayen gyaɗar yankin nan kaf, rumfar da Namadi ke aiki a ciki ma tasa ce, benci nasa, har randar ruwan.

"Alhaji ba shi da lafiya, shina son ganinka."

"Ka ce mai ina nan tafe, in na rage mutanen ga."

"Cewa yay yi yanzu."

Namadi ya dubi layi, ya dubi baran. Ya san abin da ya faru da wanda ya gada a wannan aiki: ya taɓa cewa wani babba ya jira, ba a yi wata ba aka ji an mayar da shi wani ƙauye da ko keke ba ya shiga. Ya kashe risho, ya kulle akwati, ya ɗebi abin da zai ɗiba a aljihu, ya ce wa mutane yanzu zai dawo. Shi kansa bai yarda da maganar ba.

Zauren Alhaji cike yake. Kafin Namadi ya gama zagaye hannuwa ya samu wurin zama a bakin tabarma, an ɗauki lokaci. Alhaji yana kishingiɗe a kan kilishi, rediyo mai batir a gefensa, wani mutum a ciki yana ta zuba Hausar Kano yana ba da labarin sababbin asibitocin da za a gina a Jihar Arewa. Alhaji ya ɗaga hannu a yi shiru, don ba a magana in rediyonsa yana magana. Aka yi shiru har mutumin ya gama.

Ciwon Alhaji kuwa, jiya aka yi walima ya ci naman rago ya bi shi da fura, ciki ya ɗaure. Namadi ya taɓa cikin, ya haɗa masa gishirin wanke ciki a moɗa, ya yunƙura zai tashi.

"Zamna, Malam, ina kaka zuwa? Tsohuwa na ciki, gwiwa ta hana ta sallah tsaye."

Aka yi masa iso, ya shiga ya ga tsohuwa, ita ma da tata gaisuwar da nata labarin gwiwar tun daga shekarar fara. Ya fito, Alhaji ya ce tunda Allah ya kawo shi ya duba masa dokin nan, sirdi ya ci masa baya. Namadi ya tsaya a rana yana shafa wa doki jan magani, zuciyarsa tana tafasa, fuskarsa tana murmushi. Yana wanke hannu aka shigo da akushi.

"Ranka shi daɗe, na baro mutane."

"Mutane ba su ƙarewa, Malam. Ko kai kaka son a ce ka shigo gidana ka fita da yunwa?"

Ya zauna ya ci. Ni ban ce Namadi mugu ba ne, kuma ban ce matsoraci ba ne. Kowace loma da ƙyar take wuce masa, idonsa yana kan inuwar ƙofar zaure yana ganin yadda take gajarcewa. Amma bai san akwai abin da ya fi gyambo da kurkunu a gindin tsamiyar nan ba, ai an ce masa da sauƙi. Ana ɗauke akushi aka kira azahar, Alhaji ya kama hannunsa suka nufi masallaci tare.

A gindin tsamiya inuwa ta gudu ta bar mutane, suka bi ta. Wata tsohuwa mai ciwon ido, Zahara'u, ta matso kusa da Kulu tana lalube, hannunta ya sauka a kan ƙafar Almu da ta leƙo daga mayafi. Ta janye da sauri.

"Ke yarinya! Wanga yaro ai wuta na."

"Da sauƙi, Iya."

"Wane sauƙi? Ni ba ni gani, amma hannuna na gani." Ta kasa kunne tana sauraron numfashin yaron. Ta rage murya. "Na fari na?"

Kulu ta kau da kai. Hawaye ya ɗigo mata a bayan hannu, ta yi maza ta goge.

"Na gane. Ni ma na yi wagga kunya, har nawa yay yi gemu ban kira sunanai ba. Amma ɗiyata, barin kashi a ciki ba shi maganin yunwa. Bari Likita shi dawo, ni za ni yi miki magana."

Kulu ta ji kamar an sauke mata dutse. Ta samu baki. Suka zauna suna jira, tsohuwa tana ta yi wa Alhaji Na'iya addu'ar da ba ta alheri ba ce ƙasa-ƙasa. Sai dai Likita bai dawo ba, ɗan tsohuwar ne ya zo da jaki, ya ce ya gama cin kasuwa, ƙauyensu da nisa, ba zai kai yamma a nan ba. Ta yi gardama, ya ɗauke ta cak ya ɗora a jaki. Tana tafiya tana waiwayen inda take zaton Kulu take.

"Ki buɗe baki, kin ji? Ki buɗe baki!"

Bayan tafiyarta Kulu ta gwada ba Almu ruwa. Ya zubo ta gefen baki. Ta ji kansa yana tura baya, yana nisa da gadon bayanta, kamar mai son kallon sama. Ta gyara shi, ya koma. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Da Namadi ya dawo, mutanen da ya bari sun ninka, don waɗanda suka gama ciniki duk sun gangaro. Layi ya watse, kowa yana miƙo hannu, kowa yana kiran Likita. Yanzu ba gaisuwa, ba gardama. Ya kunna risho, ya yi ta aiki da fushi, wanda ya ce allura ya ce masa ya tafi Sakkwato. Kulu ta taso ta tsaya a bayan taron. Sau ɗaya hanya ta buɗe har ta hango benci, sai ga wani dattijo da sanda a gefenta, ƙafarta ta ja da baya da kanta ta ba shi wuri. Ta kira "Malam" sau biyu, ita kanta da ƙyar ta ji muryarta.

Rana ta karkata, aka yi la'asar. Namadi ya dubi sama, ya zubar da ruwan tukunya, ya rufe akwati.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Saura sai kasuwa mai zuwa, wanda ba shi iya jira shi ishe ni Kebbe."

Aka yi ta guna-guni ana watsewa. Ya ɗaure akwati a bayan keke, ya tattare rigarsa, ya ɗora ƙafa a feda. A daidai nan Kulu ta ji yaron ya sandare a bayanta, ƙafafunsa sun miƙe sun daki kwankwasonta. Ba ta san lokacin da ta ratsa mutane ba. Sai ganinta aka yi a gaban keke ta riƙe kansa da hannu biyu, matar aure, mayafi ya zame, a tsakiyar kasuwa.

"Ɗana na! Almu na! Ni na haife shi, Malam, shi na na farina! Almu mutuwa za shi yi!"

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Matan tungarsu da suke haɗa ƙwarya suka tsaya da faifai a hannu. Kulu kuwa da bakin ya buɗe ya ƙi rufuwa, sai faɗin sunan take yi tana jijjiga keken.

Namadi ya saki keke ya faɗi da akwatin da komai. Ya kwance goyon da kansa, ya shimfiɗa yaron a kan benci, ya sa tafin hannu a ƙarƙashin ƙeyarsa ya ɗaga. Maimakon wuya ya lanƙwasa, jikin gaba ɗaya ya taso kamar katako. Duk binciken ke nan, bai kai tsawon bisimilla ba. Sanƙarau.

Ya fizgo akwati, ya fito da farar ƙwayar da ake ba masu sanƙarau, ya murƙushe ta a cokali da ruwa. Haƙoran yaron sun datse. Ya lallaɓa ya zuba ta gefe, ya dawo ta gefe.

"Da safe shina haɗiya?"

"Har da hantsi ya sha ruwa."

Namadi ya runtse ido. Ƙwayar nan tun safe tana cikin akwati, akwatin yana cikin rumfa, tsakaninsa da gindin tsamiya bai fi jifa ba. Yanzu sai allura, allurar kuwa tana Kebbe a cikin randa mai sanyi, don zafin hanya yana lalata ta.

"Don mi ba ki faɗa mini ba?" Da tsawa ya faɗa, amma yana faɗa ya ji kunyar tambayar, don ya san amsar. Ya miƙa hannu. "Ba ni zanen goyon."

Ta ba shi. Ya sunkuya, ya ce a ɗora masa yaron a baya. Mutanen Fakku suka ga abin da ba su taɓa gani ba, namiji, ma'aikacin En'e, da goyo, ya ɗaure a ƙirji kamar mai jego. Ba wanda ya yi dariya. Ya bar akwatin a hannun mai rumfar kusa, ya ce wa matan tungar su Kulu su nemo mata jaki ta biyo shi, ya hau keke.

Hanyar Kebbe yashi ne, inda keke ya ƙi sai ya sauka ya tura da gudu. Zafin yaron yana ratsa rigarsa. Duk ya ɗan yi nisa sai ya tsaya cak ya saurara, ya ji numfashin yana nan, ya ci gaba. Ya shiga gari ana shirin magariba, bai tsaya amsa sannu da zuwan kowa ba.

Almu bai mutu ba. Kwanaki aka yi ana allura, Kulu tana zaune a gefen tabarmarsa a ɗan ɗakin da ke bayan asibiti, Namadi yana leƙowa tsakanin mai gyambo da mai tari. Atu ta iso daga Sanyinna da kayanta a ka, ta fara da Kulu, ta koma kan Namadi, ta gangara kan Alhaji Na'iya da dokinsa, ta haɗa da ɗanta da ke Kurmi bai san abin da ake ciki ba. Da ta gama ta zauna ta yi kuka. A hankali zafin ya sauka, wuya ya saki, yaron ya karɓi kunu. Ranar da ya tashi zaune Atu ta rangaɗa guɗa har masu jiran magani suka leƙo.

Kulu kuwa ba ta koma gidan jiya ba. Almu kaza, Almu kaza, a gaban kowa. Da farko Atu ta harare ta, daga baya ta ce, "Tunda kin faɗa gaban kasuwa, mi yar rage?" Ta ƙyale ta.

Ranar da za a sallame su, da safe, suka shigo ɗakin magani yin ban kwana. Mutane sun riga sun taru a waje. Almu yana zaune a ƙasa ya ba su baya, ya rame, wuyansa siriri, yana wasa da wata kwalbar magani da Namadi ya ba shi. Namadi ya juya zai ɗauko ƙwayar da za su tafi da ita, gwiwar hannunsa ta ture tasar da yake tafasa allura. Ta faɗo a kan siminti da ƙara, ta yi ta katantanwa. Atu ta zabura ta yi salati. Wata mata a bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Almu bai ko motsa ba.

Namadi ya tsaya da ƙwaya a hannu. Ya ajiye ta. Ya lallaɓa ya durƙusa a bayan yaron, ya tafa hannu da ƙarfi kusa da kunnen dama. Ya koma na hagu ya tafa. Yaron yana ta ƙoƙarin cusa tsinke a bakin kwalba.

Ya ɗago ya dubi Kulu, sai ya ga ba mamaki a fuskarta. Ta riga shi sani. Kwana da kwanaki tana kira ba a waiwayowa, tana ce wa kanta rashin ƙarfi ne.

"Malam," ta ce, "shina dawowa?"

Ya so ya ce mata sai abin da Allah ya yi, ya tsaya a nan, ba wanda zai zarge shi. Amma ya ga irin wannan ba sau ɗaya ba, kuma matar nan ta gaji da maganar da ake rufewa da mayafi.

"Ba ni tsammani, Kulu. In ciwon ga ya daɗe kafin a tare shi, shina tafiya da ji. Allah ya bar miki shi, amma kunnen ya tafi."

Atu ta zame ta zauna a ƙasa. A waje wani ya gaji da jira ya fara ɗaga murya, Likita, Likita, rana tana yi. Baƙin ciki ya rufe Namadi, ya rasa wanda zai ji haushi, ga haushin da yawa.

Kulu ta matsa ta durƙusa a inda Namadi ya tashi, dab da ƙeyar ɗanta. Ta sa bakinta kusa da kunnensa.

"Almu."

Ta jira. Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, har na waje suka yi shiru. Ta sake faɗa a hankali, yadda da ta riƙa faɗa masa tun yana jariri in da an bar ta. Tsinken ya shiga kwalba, Almu ya girgiza ta, ya ɗaga ta sama yana kallo, ya yi dariya shi kaɗai.